Zogalen Gwaggo da Maganar Hanta

A gidanmu na Bukan Sidi, kusa da titin Jos, gwaggona ba ta fashin kwaɗon zogale tun da aka ce tana da ciwon suga. Ranar da bakinta ya yi ɗaci kuwa, to ruwan shuwaka ta matse ta sha. Wai hanta take wankewa.

Ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Hanta ce rumbun sukarin jiki: ta adana, ta riƙa sakinsa cikin dare. Masu wannan ciwo da yawa kitse na taruwa musu a hanta shiru, ba zafi ba zazzaɓi. Ƙwayar metformin da ake ba masu suga ma a can take aiki, tana rage sukarin da hantar ke fitarwa.

Sai dai yawancin gwajin da aka yi wa zogale da shuwaka a jikin ɓeraye ne. Ganye a miya ba ni da ja. Abin da ke ba ni tsoro shi ne jiƙon gora na tasha, marar lambar NAFDAC, wanda hantar ce dai za ta tace shi.

Da ƙyar na lallaɓa ta zuwa gwajin jini a Asibitin Dalhatu Araf.

"Gwaggo, ki gaya wa likita duk abin da kike sha."

"Har shuwakar?"

"Har ita."