Tsara Ɗaki Sana'a Ce ga Macen da Ta Iya Awo da Lissafi

Kwana ɗaya ko biyu kafin a kai amarya, a Birnin Tsaba ko Zurmi ko Shinkafi, akwai matan da ke riga kowa shiga gidan ango, wato 'yan jere. Gwaggonni ne da yayyen amarya, kuma ba a rasa mace ɗaya a cikinsu wadda sai ta iso ake taɓa kaya. Ita ke cewa gado ya koma can, kabad ya matso nan, labulen nan bai shiga da kafet ba. In ta gama a ce mata "Allah ya bar zumunci," a ba ta alawar biki ta tafi gida. Wannan aikin nata, a Abuja da Legas kuɗi ake biya a kansa, har kamfanoni ake buɗewa dominsa.

Hannun mata ya daɗe a cikin ɗakin Bahaushe. Gini dai na maza ne, su ke yin tubali su ɗora azara, kuma tarihi ya riƙe sunan irin su Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Amma da magini ya sauko, saura na mata ne. Su ke taruwa su yi daɓe suna waƙa, su yayyafa ruwan makuba don ƙasa ta yi ƙarfi, su shafe bango da farar ƙasa, su jera ƙwarya da tasa da faifai. Daga baya langa da fanteka suka shigo, har aka zo zamanin tangaran a cikin kabad mai gilashi. A Amurka akwai irin su Elsie de Wolfe, wadda ta fara karɓar kwangilar tsara ɗaki a New York a farkon ƙarni na 20, ta kuma fitar da littafi a kai a 1913. A Najeriya mace ce, Titi Ogufere, ta jagoranci kafa ƙungiyar masu wannan sana'a, IDAN, a 2007, kuma a 2020 ta zama shugabar ƙungiyarsu ta duniya.

To me ya raba 'yar jere da mai sana'a? Na farko tef ɗin awo. Kowa ya san labarin gadon da aka ɗauko daga Gusau ko Kano aka zo ya ƙi shiga ƙofa, ko saitin kujerun da ya cinye falo har baƙo ya rasa inda zai sa ƙafa. Mai sana'a takan riga kaya zuwa. Ta auna tsawon ɗaki da faɗinsa, faɗin ƙofa, tsayin taga daga ƙasa, inda soket yake, ta zana duka a takarda, sannan a je wurin kafinta. Ta bar hanyar wucewa, ta bar wurin shimfiɗa darduma ta fuskanci alƙibla ba tare da an ja kujera ba. Wannan na ƙarshe da wuya ki gan shi a hotunan da ake tura wa amare a waya.

Hotunan nan su ne babbar matsala. Yawancinsu ɗakunan Dubai ne da Turkiyya, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Mu kuwa a bazara zafi kan haura digiri 40, a hunturu ƙura ta shiga ko'ina, ga gara tana jiran katako. Kujerar leda tana ɓarewa a irin zafinmu. Labule mai kauri ninki uku yana tare iska yana tara ƙura. Katakon MDF da ake yin gadajen yayi da shi, da ruwa ya taɓa ƙafarsa sai ya kumbura. Wadda ta san aikinta za ta zaɓi fenti mai haske don ɗaki ya wadatu da hasken rana, labulen da za a iya cirewa a wanke a gida, da wurin da fankar sola za ta zauna. Amarya za ta iya ɓata rai a ranar, amma bayan damina biyu ita za ta turo ƙanwarta.

Sai maganar kuɗi, inda mata da yawa ke jin nauyi. Kunyar cewa "ga kuɗin aikina" ita ke mayar da gwana 'yar aike. A rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, a karɓi kafin alƙalami kafin a sa kafinta ya yanka katako, a ajiye rasit. Wasu kan ɓoye ladarsu a cikin farashin kaya, su karɓi la'ada a wurin mai shago ba da sanin mai biki ba. A gari irin Birnin Tsaba, inda mai shago da uban amarya kan haɗu a sahu ɗaya, wannan ba ya ɓoyuwa. Kuma a ganina hujja mafi ƙarfi da mai tsara ɗaki za ta kawo wa uba ita ce za ta rage masa asara. Mutum nawa ne suka sayar da amfanin gona ko dabba don kayan ɗakin da rabinsu ke ƙarewa a jibge a lungu?

Mace tana da damar da namiji ba shi da ita a wannan fage: gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaure, ita tana shiga har ƙuryar ɗaki, uwargida ta faɗa mata abin da ba za ta faɗa wa kafinta ba. Wannan amana ce. Kada hoton ɗakin kowa ya hau WhatsApp ko Instagram sai da izinin masu gida. Sai dai za ta yi hulɗa da maza dole, kafinta da mai fenti da mai silin da mai haɗa wuta, kuma wasunsu ba sa son mace ta ce su sake aiki. Takardar awon da aka yi yarjejeniya a kanta tun farko ita ke kashe gardama.

Wurin koyo bai yi nisa ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana koyar da fannonin gini, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana da sashen zanen gine-gine da sashen da ake koyon zanen yadi da tangaran. Wadda karatu bai kai ta can ba tana iya farawa a wurin telan labule da zannuwan gado, ta gyara ɗakinta da na 'yar'uwarta su zama abin nuni, ta yi jari da kwasar adashi.

Ba za a yi maganar sana'a a yankin nan a tsallake tsaro ba. Hanyar Ƙaura zuwa Zurmi da Shinkafi ba kullum take biyuwa ba, kuma a Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara an rufe kasuwannin mako. Wadda duk kayanta sai sun zo daga kasuwar Kantin Kwari ta Kano, irin wannan lokaci zama ya kama ta. Shi ya sa ya kamata ta riƙe kafinta da tela na cikin gari, ta san masu saƙar tabarma da faifai, ta kuma faɗaɗa aikinta ya wuce lokacin bukukuwa: shagon ɗinki, kemis, ofishin makarantar Islamiyya, ɗakin uwargidan da ake sabuntawa in za a yi mata amarya. Ranar da ta so neman aikin ofis ko otal a Gusau, za a tambaye ta rajistar sunan kasuwanci ta CAC da asusun banki mai wannan sunan, don haka gara ta yi su tun aikin na cikin unguwa.