Yadda Ake Koya wa 'Ya'yanmu Kemistiri a Sakandare

'Yan'uwa manoma, da yawa daga cikinmu muna da yara a makarantun sakandare na birnin Sakkwato, kamar Kwalejin Nagarta da Kwalejin Gwamnatin Tarayya wadda aka buɗe a 1966. In yaro ya ce yana karatun kemistiri, wato ilimin sinadarai, mukan ɗauka ba ruwan manomi da shi. Alhali kuwa ilimi ne na taki, da ƙasa, da ruwa, da sabulu.

Tun 1982 aka raba sakandare gida biyu: ƙarama shekara 3, babba shekara 3. A ƙaramar sakandare ana koyar da kimiyya a dunƙule. Yaro yana koyon awo, da yadda ake tace ruwa, da yadda gishiri ke narkewa. Sai a babbar sakandare kemistiri ke zama darasi mai zaman kansa.

A shekarar farko yaro yana koyon sunayen sinadarai da alamominsu, da bambancin abu mai tsami da mai kanwa. Ana iya gwada wannan a gida. A ɗiga lemon tsami cikin ruwan zoborodo, zai ƙara ja. A zuba masa kanwa, launinsa zai juya. A shekara ta biyu ana shiga batun yadda sinadarai ke haɗuwa, har da naitirojin, wanda ke sa ganyen gero ya yi kore shar. A ta uku ana koyon ƙarafa da yadda ake yin sabulu, sannan a zauna jarrabawar WAEC ko NECO, wadda ta haɗa da gwaji da hannu.

Karatun nan kamar ginin rumbu ne, in tushe ya karkace, sama ba za ta tsaya ba. Zangon farko na shekara yana faɗawa daidai lokacin kaka. In muka riƙe yaro mako uku don yankan gero a shekarar farko, ya rasa tushen ke nan, kuma abin zai bi shi har ranar jarrabawa. Ba a ɗaukar yaro karatun aikin gona ko likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo sai ya ci kemistiri da kyau.

Ga amfaninsa tun yanzu. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Buhun NPK 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi ne kawai. Yaron aji biyu zai iya yi mana wannan lissafi kafin ƙungiya ta fitar da kuɗinta. Zai kuma bayyana mana dalilin binne yuriya: in aka bar ta a kan ƙasa cikin zafi, wani kashi nata yakan bi iska, kuɗinmu ya tafi a banza. Masu jima a Sakkwato da ke aiki da bagaruwa, da kamfanin siminti na Kalambaina da ke ƙona dutsen farar ƙasa, duk da wannan ilimi suke aiki.

Saboda haka muna ba kowace ƙungiya shawara biyu. A shirya gayya lokacin kaka don kada a tsayar da 'yan makaranta. Kuma ranar sayen taki, a kira ɗalibi guda ya karanta mana abin da ke rubuce a jikin buhu.