Lemun Tsamin Tukunya Ba Kullum Yake Son Ruwa Ba

A gidaje da yawa da aka dasa lemun tsami a tukunya, ko a bokitin fenti, ko a rabin jarka, doka ɗaya ake bi: a zuba masa ruwa da safe, a ƙara da yamma, ba fashi. In ganyensa ya yi laushi sai a ce ƙishi ne, a ƙaro. In ya fara rawaya yana zuba, sai laifi ya koma kan yaron da aka ba aikin, a ce wasa ya ɗauke masa hankali. Masu wannan ra'ayi suna da hujjarsu. Sun tashi suna ganin masu lambu na shayar da alayyafo da latas safe da yamma, kuma sun san bazarar Kano da Sakkwato da Maraɗi, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Tausayi ne ke sa su, ba sakaci ba. Amma da dukkan girmamawa, a ganina wannan ban ruwa na kullum shi ne ajalin lemuna da yawa da aka ce ƙishi ne ya kashe su.

Abin da ake mantawa shi ne saiwa tana numfashi. Ƙasa mai kyau cike take da ƙananan kafofi a tsakanin ƙwayoyinta. In aka yi ban ruwa sai kafofin su cika, in ruwan ya tsiyaye sai iska ta maye gurbinsa, daga nan saiwa ke samun oksijin. In kuwa ba a bar ƙasar ta tsane ba, kafofin za su zauna a toshe, ga shi oksijin yana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda yake ratsa iska. Bishiyar da ke gona tana da sauƙi, domin rarar ruwa kan nutse ta yi ƙasa abinta. Ta tukunya ba ta da wannan gata. Gindin tukunya kan riƙe ruwa ko da an huda shi, balle a ce ba a huda ba. Dangin lemu kuwa, daga na tsami har na zaƙi, suna cikin itatuwan da ba sa jure zaman saiwa cikin ruwa.

Ga inda mutum mai kyakkyawar niyya ke ruɗewa. Saiwar da ta shaƙe takan mutu ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuma ba ta iya jan ruwa zuwa sama. Sai ganye ya langaɓe daidai yadda yake yi in ƙishi ya kama shi, alhali gindin na cikin caɓi. Mai bishiya ya gani, tausayi ya kama shi, ya ɗauko buta. Kamar wanda ya nutse a kogi ne aka ciro shi, aka ce a ba shi ruwa ya sha. Ban da haka, akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Fitoftora, wadda ƙananan 'ya'yanta ke iyo cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa har su kai ga saiwa. Ita ce ke ruɓar da saiwar lemu, ita ce kuma ke sa gindin ya riƙa fitar da ƙaro, ɓawonsa ya mutu. Ƙasar da ba ta bushewa ita ce gidanta.

Bambance ƙishi da shaƙewa ba wuya. Lemun da ke jin ƙishi ganyensa kan naɗe, ƙasar ta bushe har ta janye daga jikin tukunya, in ka ɗaga tukunyar ka ji ta sakayau, kuma in ka shayar da shi sai ya miƙe cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ruwa ya yi wa yawa ganyensa rawaya yake yi yana zuba, tukunyar da nauyi, ƙasar na ɗan wari, wani lokaci har da ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna shawagi a kanta. Ka ba shi ruwa, gobe ka same shi ya ƙara lalacewa.

Don haka ƙasar za a tambaya, ba agogo ba. Ka cusa yatsa har gaɓa ta biyu, wajen santimita 4 zuwa 5. In ka ji laima, ka ajiye butar sai gobe. In ka ji bushe, ka zuba ruwa a hankali, ka zagaya ko'ina, har sai ya fito ta kafofin ƙasa, kuma kada ka bar tukunyar zaune cikin abin da ya tsiyayo. Wannan shayarwa mai ƙoshi tana da wani amfanin da ɗan yayyafin kullum ba shi da shi. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da gishiri, wanda kan taru in ruwan ya ƙafe, har ka ga fari-fari a saman ƙasa da bakin tukunya, bakin ganye ya ƙone. Lemu ba ya shiri da gishiri, kuma ruwan da ya ratsa ya fita shi ne ke wanke shi. Saboda haka ne ma ruwan wanki mai garin sabulu bai dace da lemu ba, duk da na san halin da ake ciki na tsadar ruwa.

Ban ce babu ranar da ban ruwan kullum yake daidai ba. Ƙaramar baƙar tukunyar roba da ke kan siminti a tsakiyar rana, a watan Afrilu, da bishiya mai ganye da yawa a ciki, tana iya bushewa cikin yini guda, kuma a nan masu ban ruwan kullum sun yi gaskiya. Kuskuren shi ne a ɗauki dokar bazara a kai ta damina da hunturu. A Agusta ana iya yin kwanaki ba a zuba ko ɗigo ba, abin da ake bukata ma shi ne a ɗora tukunyar kan bulo don ruwan sama ya sami hanyar fita. Hunturu ya fi yaudara: iska kan busar da saman ƙasa ya zama ƙura, amma sanyin dare ya rage wa bishiyar sha, can ciki da sauran laima. Ita kanta tukunyar tana da tasiri. Ta yumɓu tana zufa, ta fi saurin bushewa. Ta roba tana riƙe ruwa. Ɗan ƙaramin dashe a cikin ƙatuwar tukunya kuwa yana cikin haɗari, domin saiwarsa ba ta kai ta shanye ruwan da ƙasar ke riƙewa ba.

Akwai ma abin da zai ba wasu mamaki: ɗan ƙishi yana sa lemu fure. A ƙasashe masu zafi irin namu, yakan yi fure ne in ruwa ya sauka bayan an sha rani. Manoman tsibirin Sisili a Italiya sun daɗe da sanin haka. Sukan janye ban ruwa na makonni a tsakiyar lokacin zafi har ganye ya yi laushi, sannan su saki ruwa, itatuwan su yi furen da zai ba su 'ya'ya a lokacin da lemu ke ƙaranci a kasuwa. Ba na ba mai tukunya shawarar ya kwaikwayi wannan, domin ƙasarsa kaɗan ce, kuskure kaɗan zai kashe bishiyar. Kuma da zarar fure ya fito ko 'ya'ya sun ƙulla, a kiyaye kada ƙasa ta bushe ƙayau, don za su kakkaɓe.

Wanda ya riga ya ga alamun shaƙewa kada ya fid da rai. Ya zare bishiyar daga tukunya ya duba saiwar. Mai rai tana da haske da ƙwari, matacciya baƙi-baƙi ce, fatarta na saluɓewa in an ja. Ya yanke matattun, ya ƙara huda tukunyar, ya sake ƙasa da haɗin yashi da ruɓaɓɓen taki, ba laka ba. In dashen mai aure ne, mahaɗar auren ta zauna a sama da ƙasa sosai. Sai ya ajiye shi a inuwa mai haske, kada ya sa masa takin zamani har sai sabon toho ya fito.