Gyaran Gidajen Kaso a Nijar: Abin da Ya Shafi Karkarar Guci

A ƙaramar hukumar Guci, wadda ke cikin gundumar Dungas tun da aka raba ta da Magariya a 2011, ɗaurin mutum ɗaya yakan zama hukunci ga gida guda, domin gonarsa takan kwana babu noma idan damina ta faɗi, matarsa kuma ta sayar da akuya ko tiyar gero don ta sami kuɗin mota da na abincin da za ta kai masa birni. Abin da ya fi ciwo shi ne yawancin waɗanda ke tsare a gidajen kason Nijar masu jiran shari'a ne, wato mutanen da alƙali bai riga ya tabbatar da laifinsu ba.

Masana sun kasu gida biyu game da maganin wannan matsala. Masu neman gyara suna ganin kaso zai ci gaba da zama, amma dole a rage cunkoso, a raba yara da manya, a koyar da sana'a irin su ɗinki da kafinta, kamar yadda Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, suka tanada. Masu neman a soke ɗauri baki ɗaya kuwa, irin su Thomas Mathiesen na Norwe da Angela Davis ta Amurka, suna cewa talauci da jahilci da shaye-shaye ne ke cika kurkuku, saboda haka kuɗin gina katanga gara a kashe su kan makaranta da asibiti da biyan diyya ga wanda aka cuta.

Nijar ta bi hanyar gyara. A 2017 ta kafa dokar da ta shimfiɗa tsarin gidajen kaso, tare da wadda ta halatta aikin amfanin jama'a, wato hukuncin da mai ƙaramin laifi zai yi wa al'umma aiki ba da lada ba maimakon a kulle shi. A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, Shugaba Mahamadu Isufu ya yi wa fursunoni 1,540 afuwa, sai dai afuwa rage cunkoso take yi na ɗan lokaci, ba ta hana ɗakunan sake cika.

Ƙasar Damagaram, wadda Guci ke cikinta, tana da abin da za ta gina a kai, domin doka ta ba sarakuna da masu gari ikon yin sulhu a rigingimun gona da bashi da aure, ko da yake manyan laifuka na kotu ne. Idan aka sasanta ɓarnar da shanu suka yi tun a ƙofar mai gari, kafin ta kai ga sara da zubar da jini, an rage mutum ɗaya a kaso. Abin da ya rage wa hukuma shi ne ta gaggauta shari'a, ta sa alƙalai su yi aiki da dokar aikin amfanin jama'a ta 2017, ta kuma tallafa wa wanda ya fito da jari da sana'a, tun da wanda aka sallama hannu wofi, jama'a na gudunsa, shi ne ya fi saurin komawa.