Abin da ke sa sauti ɗaukewa bayan an yi wa waya filashin da ba nata ba

Sau da yawa akan yi wa wayar Android filashin, ta tashi lafiya lau, allo na aiki, amma sifika ta yi gum, ko allon ya daina juyawa, ko layi ya ƙi kawo sabis. Mai gyara yakan ce fayil ɗin ne bai dace ba. Gaskiyarsa ce, sai dai dalilin yana can cikin yadda aka gina wayar.

Waya ba furosesa ɗaya gare ta ba. Babbar furosesa ita ke ɗauke da Android, wanda aka gina shi a kan Linux. A gefenta, cikin guntun Snapdragon ko MediaTek ɗin, akwai ƙananan furosesoshi masu cin gashin kansu. Ɗaya na kula da layin sadarwa, wata na sarrafa sauti, wata kuma na sauraren na'urorin gane motsi ko da wayar na barci. Kowacce tana da tata manhajar ta ciki da kamfani ya rubuta mata. An raba aikin ne don tattalin batir, domin ƙaramar furosesa na iya ƙirga takun mutum yini guda ba tare da an tashi babbar ba.

Matsalar ita ce Linux ba ya ganin abin da ke bayan waɗannan ƙananan. A kwamfuta, idan aka soka abu a USB, shi da kansa yake faɗin sunansa da aikinsa. Yawancin kayan cikin waya ba sa yin haka. Shi ya sa ake rubuta wani fayil mai suna Device Tree, wato taswirar da ke gaya wa Linux kayan da ke kan allon wayar, adireshin kowanne, da layin wutar da ke ciyar da shi. A wayoyi da dama, wani ɓangare na taswirar yana zaune a sashen ma'ajiya da ake kira dtbo.

To, amma ina za a rubuta na'urar da ƙaramar furosesa ce ke samar da ita? A 2012, cikin Linux 3.4, aka shigar da tsare-tsare biyu da suka faro daga aikin guntun OMAP na kamfanin Texas Instruments. Na farko, remoteproc, shi ke loda wa ƙaramar furosesa manhajarta, ya kunna ta, ya sake tayar da ita idan ta faɗi. Na biyu, rpmsg, hanyar aika saƙo ce tsakanin ɓangarorin biyu ta cikin ma'ajiyar da suka yi tarayya a kai. A wannan tsari, manhajar kan zo da jerin buƙatunta, kamar yawan ma'ajiyar da za a ware mata. Da ta tashi, sai ta yi shelar sunayen hidimomin da take da su, Linux kuma ya nemo direban da ya dace da kowane suna.

Suna kaɗai bai wadatar ba. Ƙaramar furosesa na iya cewa tana da hidimar sauti, amma ba za ta faɗi wace sifika ko wane makirfo aka jona a wace ƙofa ba, domin wannan ya danganta da yadda kamfanin wayar ya shimfiɗa allonsa. Saboda haka a guntayen Qualcomm da yawa, ana rubuta hidimomin sautin a cikin Device Tree, ƙarƙashin furosesar sauti, sannan a ɗaure su da sifika da makirfo. Haka ma layukan wutar da wata ƙaramar furosesa ke sarrafawa: sai an jera su a taswirar kafin a san wanne ke ciyar da kyamara, wanne ke ciyar da katin ajiya.

A nan ne masana ke jayayya. Ƙa'idar Device Tree ita ce a bayyana kayan ƙarfe, waɗanda ba sa canzawa. Hidimar ƙaramar furosesa kuwa manhaja ce ta haife ta, kuma sabuntawa ɗaya na iya sauya ta. Idan taswira ta ce abu na nan alhali manhajar ba ta yi shelarsa ba, direba zai yi ta jiran abin da ba zai zo ba.

Wannan ne ke faruwa a teburin mai gyara. Wayoyi biyu na iya yin suna ɗaya a kwali, amma allonsu ya bambanta, wani lokacin ma har guntun da ke cikinsu. Shi ne kuma dalilin da ya sa masu aikin postmarketOS ke jera abin da ke aiki da wanda bai fara ba a kowace waya, inda sauti, kyamara da kira kan kasance cikin masu wahalar samu.

Don haka kafin a yi filashin, a duba cikakkiyar lambar samfurin wayar a saituna ko a kwalinta, a tabbatar ta yi daidai da ta fayil ɗin harafi da harafi. A kuma ajiye kwafin abin da ke cikin wayar tun kafin a taɓa ta, musamman sashen da ke riƙe da bayanan layi da lambar IMEI, domin idan ya goge, dawo da shi ba ƙaramin aiki ba ne.