Kiwon kifi cikin akwatin katako: a yi lissafin nauyin ruwa

Garin Ibohamane, cikin yankin Keita, yana da madatsar ruwa, amma don ban-ruwan gonaki aka gina ta. Mai son ɗanyen kifi a ƙasar Adar, galibi sai ya jira na tabkin Tabalak. Shi ya sa ɗan kasuwa ko ma'aikaci mai ɗan fili a gida zai iya sa kafinta ya haɗa masa akwatin kiwon kifi da falankin katako, a shimfiɗa tamfol a ciki. Gilashi sai masu hali.

Inda ake asara shi ne wajen lissafi. Akwati mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin ruwa santimita 50, lita 1.000 yake ci, wato tan guda cur. Ƙarfin da ruwa ke tura bango da shi kuwa, zurfi yake bi. Saboda haka gara akwati mai faɗi da mai zurfi. A zaɓi falanki mai kauri, a ɗaure shi da sanduna ta waje, musamman daga ƙasa, da noti maimakon ƙusa. Wanda ya yi tsimin katako, dare ɗaya zai tarar da jarinsa yana birgima a tsakar gida.

A ɗora akwatin bisa daɓen siminti cikin inuwa, don gara da rana. A fara da tarwaɗa, domin tana shaƙar iska daga saman ruwa. Karfasa ba ta jure gurɓataccen ruwa kamarta. Ruwan da aka sauya kuwa, taki ne ga zogale da albasa.