Makarantar Kuɗi Ko Ta Gwamnati: Me Iyaye Ke Saya Da Kuɗinsu?

Da yawanmu nan da 'yan watanni za mu karɓi difiloma mu koma gida, kuma a gida wanda ya yi boko shi ake tambaya. Yaya zai ce, "Wace makaranta zan sa Abba?" Inna za ta ce a ba da shawara kan ƙanwarka. Wasu ma aljihunsu ne zai amsa tambayar. Shi ya sa na ga ya dace mu san yadda abin yake kafin mu buɗe baki.

A takarda dai, karatun yaro daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, kyauta ne kuma dole ne. Haka dokar UBE ta 2004 ta tanada. Gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigarta ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi. Nan ne gizo ke saƙar: in jiha ba ta ajiye ba, kuɗin na nan zaune a Abuja, yara kuma na zaune a ƙasa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Wanda ya taɓa leƙa ajin firamaren gwamnati a cikin birni ya san wannan lissafi bai je can ba.

Sannan ga maganar malamai. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarabawa, sama da dubu 21 suka kasa cin makin da aka gindaya. An yi ta ja-in-ja kan adalcin jarabawar, amma labarin ya zauna a zukatan iyaye.

To me uba ke saya in ya kai ɗansa makarantar kuɗi? A ganina abu uku ne: aji mara cunkoso, malamin da ke shiga aji kullum, da wurin kai ƙara. Na ukun nan shi ne babba. Mai makaranta ya san in ka fusata za ka ɗauke yaronka da kuɗinka, don haka yana sauraronka. A nan Arewa akwai ƙari: makarantun da suka haɗa boko da Islamiyya ko hadda, yaro ya je wuri ɗaya ya dawo da biyu.

Amma fa "furaibet" ba suna ɗaya ba ne da inganci. Akwai makarantar da gidan haya ne mai ɗaki huɗu aka yi wa fenti, aka ɗinka yunifom mai kyau, shi ke nan. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, kuma akwai hukumar rajistar malamai, TRCN. Ƙananan makarantun kuɗi da dama kuwa masu sakandare suke ɗauka, ko irinmu masu difiloma da ba mu karanci koyarwa ba, a kan albashin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ba. Malami yana samun wani aiki zai gudu, yaro ya canza malamin lissafi sau uku a shekara. Abin mamaki, sau da yawa malamin gwamnati ya fi shi takardu da gogewa. Sa ido ne babu. Kuma a kula da kuɗin da ba a faɗa ranar farko: littattafan da sai a wurinsu za a saya, kuɗin lesin, kuɗin mota, kuɗin walimar yaye ɗan nazare (wai har da riga da hula kamar ya gama digiri).

Karatu a gida fa? Tun bayan rufe makarantu lokacin korona a 2020 wasu iyaye suka fara tunaninsa. A Amurka halal ne a dukkan jihohi, a Jamus kuwa an hana. A nan, dokar UBE ta ɗora wa uba ko mariƙi alhakin tabbatar da yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, har da tara ko ɗauri ga wanda ya maimaita saɓawa. Ko an bar maganar doka, akwai ta takarda. Yaron da bai da makaranta sai dai ya zana WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. Kuma ana bukatar babba mai ilimi da zai zauna da shi kullum, ga wuta, ga data. Malamin lesin na awa biyu da yamma taimako ne, ba makaranta ba.

In aka tambaye ka, kar ka duba allon ƙofa. Ku je ranar karatu ba tare da sanarwa ba. Ƙirga yaran aji. Karɓi littafin wani ɗan aji uku ka ga ko ana duba aikinsa, sa shi ya karanta maka layi biyu da bai haddace ba. Tambayi shekara nawa malamin ya yi a wurin, kuma ko ma'aikatar ilimi ta jiha ta amince da makarantar. Sannan ku yi lissafin shekara shida, ba zango ɗaya ba, ku ninka da yawan yaran gidan. Yaron da ake kora gida duk zango saboda bashin kuɗin makaranta, gara tun farko a sa shi ta gwamnati mai dama-dama, a sayo masa littattafai, wani a gida ya riƙa duba aikinsa da dare.